Amish: sunan wani tela ne, ba sunan ƙabila ba

Tun zaɓen Amurka na Nuwamban 2024, lokacin da aka yi ta yayata cewa su ne suka ɗaga Trump a jihar Fensilbeniya, kalmar Amish ta shiga bakin masu sharhinmu ta samu wurin zama. Ko a wannan maganar akwai abin dubawa, don yawancinsu ba sa jefa ƙuri'a. Amma abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wani da na ji a rediyo yana faɗa, ko ɗar bai yi ba: "ƙabilar Amish, waɗanda addininsu ya haramta musu lantarki."

Amish ɗariƙa ce ta Kirista, kuma daga sunan mutum aka ciro sunanta, kamar yadda Tijjaniyya ta ɗauki sunan Shehu Tijjani. Mutumin shi ne Jakob Ammann, wani tela ɗan ƙasar Suwizalan. A 1693 ya samu saɓani da wani dattijon cocinsu, Hans Reist, a kan yadda za a yi da wanda aka kora saboda laifi. Reist ya ce a hana shi jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da Kirista ke rabawa a ibadar coci, ya isa. Ammann ya ce sam, a ƙaurace masa har a gida, ko kwano ɗaya kada a haɗa hannu da shi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Ammann ya kori Reist ɗin ma, aka rabu, aka riƙa kiran na ɓangarensa da sunansa. To a 1693 ina aka ga lantarki, balle a haramta shi? Rigimar ƙauracewa ce ta haife su, kuma har gobe ita ce hukuncinsu mafi zafi.

Wajen 1730 suka fara ƙaura zuwa Fensilbeniya. Yau sun haura dubu 400, akasari a can da Ohayo da Indiyana, suna magana da wani karin harshen Jamusanci a gida. Duk wanda ba nasu ba "Ingilishi" suke ce masa.

Batun haramci fa? Kowace jama'a, gidaje kamar 30 ƙarƙashin bishop ɗaya, tana da ƙa'idojinta da ba a rubuce suke ba, waɗanda suke kira Ordnung, wato tsari. Abin da wata ta ƙi, maƙwabciyarta tana iya yarda da shi. Wayar da ke haɗa gida da layin wutar gari suka guda, amma za ka ga faifan sola a rufin sito, da batir, da injin dizal yana sanyaya madara. Ba sa mallakar mota, amma suna ɗaukar shata. Tarho kuwa, wajen 1910 Amish na gundumar Lankasta, a Fensilbeniya, suka fitar da shi daga ɗaki, daga baya aka yarda a kafa masa 'yar bukkar katako a bakin hanya, gidaje da dama su yi tarayya a kai. Mai son kira ya taka zuwa can. Ni dai na fi ganin hankali a nan fiye da gidajenmu da kowa ya dunƙule da wayarsa lokacin tuwon dare.

Wannan bukkar ce ma ta sa ni rubutun nan. Ƙanwata ta kamu da wasu littattafan Turanci da take karantawa a waya, irin waɗanda masu sayar da su ke kira kozi, wato labarin kisa mai ɗumi kamar bargo. Ba jini, ba batsa, ba ashar. Akwai jerinsu da yawa da aka gina a ƙauyukan Amish. Ta miƙo mini ɗaya: mace da farar hula a bangon, shagon barguna masu faci-faci, da kyanwa a kan taga. An tsinci gawa a sito, ba waya a kusa, sai an ruga bukka. Mai shagon ta bi gida-gida da kek a hannu tana bugun cikin mutane har ta gano mai laifi kafin 'yan sanda.

"Yaya, wallahi mutanen nan sun burge ni, ba ruwansu da duniya," in ji ta.

Na ce mata ta duba wa ke yin binciken. Sau da yawa baƙuwa ce, ko wadda ta bar ɗariƙar, ko wadda ta gaji shago daga wata gwaggonta Amish. Dole marubucin ya yi haka, don mutanen ba sa son kai ƙara kotu, ba sa ramuwa, ba sa shiga soja. Gashin baki ma mazansu ke askewa saboda a Turai ta da alamar soja ce. Su kansu marubutan galibi 'yan waje ne, kuma abin da suke ɗauka daga Amish shi ne keken doki da fitilar kananzir da ƙamshin burodi. Ado suka mayar da su.

Da kisa na gaske ya zo musu, ba haka ta kasance ba. Ranar 2 ga Oktoban 2006 wani direban motar madara, wanda ba Amish ba, ya shiga makarantarsu mai aji ɗaya a ƙauyen Nickel Mines na gundumar Lankasta ya harbi yara mata 10, biyar suka mutu, sannan ya kashe kansa. A ranar wasu daga cikinsu suka je yi wa iyalinsa jaje, kuma da dama suka halarci jana'izarsa. Makarantar kuwa an rushe ta bayan kwana 10, aka bar wurin ciyawa ta tsiro.