Fitar masu digirin digirgir na Sifaniya zuwa ƙasashen waje

Fitar masana 'yan Sifaniya zuwa ƙetare domin bincike al'ada ce da ta haura shekara ɗari. Ƙasar ta daɗe da iya tura ɗalibanta waje. Abin da ya fi ba ta wahala shi ne sama musu gurbin koyarwa idan sun dawo.

Tarihi

A watan Janairun 1907 gwamnati ta kafa hukumar faɗaɗa karatu, Junta para Ampliación de Estudios, wadda ake taƙaita sunanta da JAE, ta ɗora masanin ƙwayoyin jijiyoyi Santiago Ramón y Cajal a shugabancinta jim kaɗan bayan ya karɓi lambar Nobel. Ya riƙe ta har rasuwarsa a 1934. Hukumar ta ɗauki nauyin mutum kimanin 2,000 zuwa ƙetare, akasari Faransa da Jamus, kuma ta tanadi wuraren aiki ga masu dawowa. Ɗaya daga ciki shi ne ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje da ke harabar gidan ɗalibai na Residencia de Estudiantes a Madrid, wanda likita Juan Negrín ya jagoranta tun wajen 1916 bayan karatunsa a Leipzig. A hannunsa masanin kimiyyar sinadaran halitta Severo Ochoa ya fara koyon bincike.

Yaƙin basasa na 1936 zuwa 1939 ya tarwatsa wannan gida. Negrín, wanda ya zama firaminista a 1937, ya rasu yana gudun hijira a Paris a 1956. Masanin fiziks Blas Cabrera ya rasu a Meziko a 1945, masanin ƙwayoyin jijiyoyi Pío del Río Hortega kuma a Buenos Aires a shekarar. Ochoa ya isa Amurka wajen 1940, kuma lokacin da Nobel ta zo masa a 1959 ya riga ya zama Ba'amurke. Gwamnatin Janar Franco, wanda ya ci yaƙin, ta rushe JAE, cibiyar binciken kimiyya ta ƙasa, CSIC, da aka kafa a 1939 ta gaji gine-ginenta.

Ɗaukar malamai

Jami'o'in ƙasar sun yi suna wajen ɗaukar ɗan gida, wato wanda ya yi digirinsa a sashen da ke neman malami. Su da kansu suna kiran abin endogamia, ma'ana auren zumunci. Masu suka na cewa dokar jami'o'i ta 1983 ta ƙara masa ƙarfi, domin ta ba kowace jami'a babbar murya a kwamitin tantancewa. Wanda ya shafe shekaru a Boston ko Heidelberg kan dawo ya tarar na gida ya riga shi zama.

A 2001 aka ɓullo da shirin Ramón y Cajal mai kwantiragin shekara biyar domin janyo irin waɗannan masana. Yankin Kataloniya ya kafa tasa cibiyar ɗaukar masana, ICREA, a shekarar, yankin Bask ya biyo baya da irinta, Ikerbasque, a 2007. Tun 2011 ɗalibin digirin digirgir na iya samun shaidar Doctor Internacional, wato dakta na ƙasa da ƙasa, idan ya yi aƙalla wata uku yana bincike a waje, ya kuma rubuta wani ɓangare na kundinsa cikin harshen da ba na Sifaniya ba.

Bayan 2008

Karayar tattalin arziki ta sa an zaftare kuɗin bincike, an kuma taƙaita maye gurbin malaman da suka yi ritaya. Matasa da yawa sun nufi Birtaniya da Jamus da Amurka, inda suka kafa ƙungiyoyi, waɗanda suka haɗu ƙarƙashin inuwar RAICEX a 2018. Ana saɓani kan girman asarar: masu bincike na kiranta fuga de cerebros, tserewar ƙwaƙwale, wasu jami'an gwamnatin lokacin kuwa sun ce an zuzuta ta.