Ku daina binne naman tiyata kafin a gwada shi

Jama'a, akwai wani hali da ya ishe mu a sashen tiyata, kuma yau sai na faɗe shi. Za a yi wa mace aiki a cire mata ƙullutu a nono, ko a cire wa dattijo ƙari a wuya, a sa abin da aka cire a roba da ruwan magani, a haɗa da takarda, a miƙa wa majinyaci a ce ya kai ɗakin gwajin nama. Sai ya fita da shi ta ƙofar asibiti ya wuce gida. Wani ya haƙa rami a bayan ɗaki ya binne. Wani ya tura ƙarƙashin gado wai sai albashi ya shigo. Wani kuma ya kai, ya biya kuɗinsa, amma bai ƙara waiwayar sakamakon ba.

Bayan wata shida ko shekara sai ga su sun dawo. Ƙullutun ya sake fitowa, ya fi na da, hammata ta kumbura, mara lafiya ta rame. Ka tambaya ina sakamakon gwajin aikin farko, sai a ce, "Ai likita, mun ga ta warke." Ko kuma, "Ai an cire, mun ɗauka shi ke nan."

Ba shi ke nan ba ne! Likitan da ya yi aikin, komai ƙwarewarsa, idonsa ba ya tabbatar da cewa wannan ƙari kansa ne, wato ciwon daji, ko ba kansa ba. Sai an yanka naman siriri, an rina shi, wani likitan daban ya duba a madubin gwaji. Shi zai rubuta ko mugu ne ko mai sauƙi, wane iri ne, an kwashe shi duka ko akwai saura a jiki. Da wannan takarda ake sanin ko a sallame ki ki tafi gida hankali kwance, ko a fara miki allurar kansa, ko a tura ki gashi, wato ƙona ciwon da na'ura. Idan an binne naman, an binne amsar, don ba za a sake samun wannan naman ba.

Na san ba mugunta ce ke sa ku binnewa ba. Kuna ganin sashen jikin ɗan Adam ne, bai kamata ya yi ta yawo a roba ba. Wannan tarbiyya ce mai kyau, Allah ya saka. To amma mai naman tana raye, tana da 'ya'ya, kuma ita ce ta fi buƙatar a mutunta ta. Na kuma san akwai kuɗin gwaji ga kuɗin mota, bayan tiyata ta riga ta cinye abin hannu. Duk da haka, wanda ya sayar da akuya ya biya aiki, ya bar gwaji, kamar wanda ya gina rijiya ne ya ƙi sayen guga. Kuma don Allah maigida, kai da kake cewa "kada a tono mana ciwo", gwaji bai taɓa sa wa kowa ciwon kansa ba. Kansar nono ce kan gaba a cikin cututtukan daji da ke kama mata a Najeriya, kuma akasarin masu zuwa mana sai ta yi nisa suke zuwa. Wasunsu da hannunsu suka binne damar kama ta da wuri.

Abin yi ba shi da yawa:

- Kafin a shiga tiyata, ku tambaya ko za a kai abin da aka cire gwaji, nawa ne, kuma ina.
- Naman ya zauna cikin ruwan maganin da aka sa shi, wato formalin. Kada a zubar, kada a canza da ruwan famfo, kada a sa a firiza.
- A kai ranar, ko washegari da safe, da suna da takarda.
- Ku karɓi lamba ko rasit, ku tambayi ranar dawowa. Yakan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ya fi.
- Sakamako ya koma hannun likitan da ya yi aikin, ko da ciwon ya warke sarai.

Gaskiya ne irin wannan ɗakin gwaji ba ko'ina yake ba. Galibi sai manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri. Mutumin ƙauye yakan yi doguwar tafiya da roba a cikin jaka. Amma nan ma ina da ƙorafi a kanku. Duk lokacin da kwamitin lafiya na mazaɓa ya zauna, ko aka tara jama'a ana tambayar me asibitinku ke buƙata, gini kuke nema, da gadaje, da motar ɗaukar marasa lafiya. Da wuya ka ji wanda ya ambaci ɗakin gwaji. A taro na gaba, mai unguwa da limamai da shugabar mata, ku miƙe ku nemi asibiti ya riƙa tura naman da kansa maimakon a damƙa wa majinyaci, a rage kuɗin gwajin, kuma a riƙa kiran mutum a waya idan sakamakonsa ya fito.

Wanda kuma ya san yana da roba a gida yanzu haka, ko rasit ɗin gwajin da bai koma karɓa ba, ya kawo mana ranar asibitinsa ta wannan makon. Za mu ɗan yi masa faɗa, amma za mu duba.