Baitalizim: kalmar da ƙwan bushiyar teku ya farfaɗo da ita

A tsakanin masana kimiyyar halittu, in aka ce hujjar mutum tana warin "baitalizim", to an kushe shi ke nan. Asalin kalmar daga "vita" ne na Latin, wato rai. Abin da take nufi shi ne akidar cewa a jikin mai rai akwai wani ƙarfi na daban da ke tafiyar da shi, wanda dokokin sinadarai da na motsin abubuwa ba za su iya bayyana shi su kaɗai ba. Masu adawa da wannan akida kuwa gani suke jiki inji ne kawai, sai dai mai sarƙaƙiya ƙwarai.

Akidar tsohuwa ce, kuma ta sha bugu a ƙarni na 19. A 1828 Friedrich Wöhler ya haɗa sinadarin yuriya, wanda ake samu a fitsari, a ɗakin gwaji ba tare da ƙodar kowace dabba ba. Duk da haka ba ta mutu ba. Wanda ya sake hura mata wuta wani Bajamushe ne, Hans Driesch, da aka haifa a 1867 a Bad Kreuznach. Ya yi karatu a Jena a ƙarƙashin Ernst Haeckel, kuma da farko shi ma yana ɓangaren masu cewa jiki inji ne.

A 1888 wani masanin ɗan tayi mai suna Wilhelm Roux ya ɗauki ƙwan kwaɗo da ya rabu zuwa ƙwayoyin halitta biyu, ya soke ɗaya da allura mai zafi. Wadda ta rage ta girma ta zama rabin ɗan tayi. Roux ya ce magana ta ƙare: tun daga rabuwar farko kowace ƙwaya ta karɓi nata kason, wannan ta dama, waccan ta hagu.

A 1891 Driesch ya gwada irin wannan da ƙwan bushiyar teku, wata dabba mai ƙayoyi da ke zaune a ƙasan ruwa, wadda daga baya ya shafe shekaru yana nazarinta a cibiyar binciken dabbobin teku ta Naples a Italiya. Shi bai soki komai ba. Zuba ƙwayayen ya yi a ƙaramar kwalba, ya yi ta girgizawa har ƙwayoyin biyu suka rabu. Yana jiran ya ga rabi da rabi, sai ga kowace ƙwaya ta ba da cikakkiyar tsutsar bushiyar teku, komai da komai, illa dai ta fi ta kullum ƙanƙanta. Ya raba a matakin ƙwayoyi huɗu, nan ma aka samu cikakku. Ya matse ƙwan tsakanin gilasai har ƙwayoyin suka sauya wurin zama, amma tsutsar ta fito lafiya lau.

Daga nan ya fitar da wata ƙa'ida da har yau ɗaliban ilimin ɗan tayi suke karantawa: makomar ƙwaya ta dogara ne da inda ta tsinci kanta a cikin jikin gaba ɗaya. Wannan gaskiya ce, kuma babbar nasara ce. Sai dai Driesch bai tsaya nan ba. Ya ce a nuna masa injin da za a tsaga gida biyu, kowane ɓari ya koma cikakken inji mai aiki. Ka raba agogo biyu, me ya rage maka in ban da tarkace? Tunda ƙwai yana yin abin da inji ba ya iyawa, in ji shi, lalle akwai wani abu da ke riƙe da siffar jikin duka, yana jan kowane ɓangare zuwa gare ta. Ya ari kalmar Aristotal ya raɗa wa abin suna "entelekiya", wadda a Girkanci take nufin abin da ke ɗauke da manufarsa a cikinsa.

A nan wasu kan ɗauka ruhi yake nufi, irin wanda addini ya yi magana a kai. Driesch dai ƙoƙari yake ya kafa hujja daga ɗakin gwaji. A wurinsa entelekiya ba jiki ba ce, ba kuma makamashi ba ce da za a auna. Aikinta shi ne ta dakatar da wasu sauye-sauyen sinadarai ta saki wasu a lokacin da ya dace. Ya shimfiɗa wannan ra'ayi a laccocin Gifford da ya gabatar a Aberdeen a 1907 da 1908. Bayan haka ya koma falsafa kacokan, ya zama farfesa a Leipzig a 1921. Gwamnatin Nazi ta tilasta masa ajiye aiki a 1933 saboda ƙin yaƙi da yake yi, ya rasu a 1941.

Ni a ganina inda ya yi tuntuɓe shi ne, ya sa wa tambaya suna ya ɗauka amsa ce. Abin da ba a aunawa, ba a iya cire shi a ga me zai faru, to ba ya kai mai bincike ko'ina. Kuma injin da ke cikin tunaninsa irin na zamaninsa ne, na ƙarfe da ƙafafun haƙora. Yau an san kowace ƙwaya ta ɗan tayi tana ɗauke da cikakken kundin gado na DNA, kuma ƙwayoyi suna aika wa maƙwabtansu saƙon sinadarai, ta haka kowace take gane wurinta. Rabin ɗan tayin Roux ma an gano matacciyar ƙwayar da ya bari manne ce ta jawo shi, don da aka cire ta gaba ɗaya an samu cikakken ɗan tayi.

Ita kanta bushiyar tekun ta ƙi goyon bayan Driesch har ƙarshe. Sven Hörstadius na Suwidin ya nuna cewa idan aka yanka ɗan tayin mai ƙwayoyi takwas a kwance, aka raba sama da ƙasa, ba a samun cikakkun tsutsotsi, domin sinadaran da ke ƙasan ƙwan sun bambanta da na samansa. Gwajin kwalbar kuwa yana nan daram. Abin da Driesch ya yi da girgiza shi ne yake faruwa da kansa a mahaifa idan ɗan tayi guda ya rabu aka haifi tagwaye masu kama ɗaya, kuma masu kiwon shanu na zamani suna raba ɗan tayi da gangan don su samu maruƙa biyu daga ƙwai guda.