Ɗaga jif ba shi ke hana ta kartar ƙasa ba

Mutane da yawa gani suke da an ɗaga sifirin shikenan jif tafi ƙarfin dutse da rami, wallahi ba haka bane. In mai sandar aksul guda ce a baya, durƙusa ka leƙa ƙasanta, tulun giyan nan na tsakiyar aksul ɗin yana nan inda yake, bodi kawai ya tashi. Taya ce ke ɗaga shi, ita ma rabin ƙarin tsayinta take bayarwa, daga taya mai inci 31 zuwa mai 33 inci 1 kacal ka samu. Babban amfanin ɗagawar dai babbar taya ta samu wuri kar ta riƙa gugar bodi.

Kuma fa nauyi ya koma sama, a kwana tafi saurin kifewa, in ka sa babbar taya kuma birki baya kamawa kamar da, sannan mitar gudu tana nuna ƙasa da gudun da kake yi, wannan yafi damuna.