Lalacewar sassan sitiyarin mota da gyaransu

Sitiyari shi ne tsarin da ke kai juyin hannun direba zuwa tayoyin gaba. A yawancin ƙananan motoci, sandar sitiyari tana ƙarewa da ɗan ƙaramin giya da ke tura wani dogon ƙarfe mai haƙora, wanda makanikai ke kira rak. Daga kowane gefen rak akwai tayarod na ciki da na waje, su ne ke jan taya ko tura ta. Boljoin kuma shi ne gaɓar da ke riƙe taya daga ƙasa, tana ba ta damar juyawa. Manyan motoci da wasu a-kori-kura suna amfani da akwatin sitiyari maimakon rak.

Tarihi

Tsarin da ke sa tayar ciki ta fi ta waje karkata a kwana ya girmi mota. Georg Lankensperger, maƙerin keken doki a Munich, shi ya tsara shi wajen 1817, Rudolph Ackermann kuma ya yi masa rajista a Ingila a 1818. Motocin farko da sanda ake juya su. Ana yawan danganta sitiyari mai zagaye da Alfred Vacheron, wanda ya sa shi a motar Panhard a tseren Paris zuwa Rouen na 1894. Chrysler Imperial ta 1951 ita ce motar fasinja ta farko da aka sayar da sitiyari mai taimakon mai, Suzuki Cervo kuma ta fito da na lantarki a 1988.

Dalilin lalacewa

Kan tayarod da boljoin dunƙulen ƙarfe ne da ke juyawa cikin mazauni mai giris, an rufe shi da roba. Mafi yawan lalacewa daga robar nan take farawa. Da zarar ta tsage, giris zai fita, ƙura da ruwa su shiga, su riƙa cin dunƙulen da mazauninsa har a sami rata. Faɗawa rami da gudu, da hawa gefen titi, da lodin da ya wuce kima suna gaggauta wannan, wani lokaci ma su lanƙwasa tayarod ɗin.

Alamomi da bincike

Direba yakan ji sitiyari ya yi sako-sako, mota na yawo a kan miƙaƙƙen titi, ko ƙarar ƙwas-ƙwas a kan gargada. Taya kan cinye ta gefe ɗaya. Karkarwar sitiyari a kan gudu kuwa galibi daga balansin taya take, don haka ba ta isa hujjar canza tayarod ba.

Gwajin farko ana yin sa ne mota na ƙasa. Mutum ɗaya zai riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, wani kuma ya ɗora hannu a kan kowace gaɓa yana sauraron motsi. A dokar gwajin mota ta Birtaniya, a sitiyari mai faɗin milimita 380, wasan da aka yarda da shi kafin taya ta motsa shi ne milimita 13 ga mai rak, milimita 75 ga mai akwati.

Daga nan sai a ɗaga gaban motar, a tokare ta da ƙafar ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne. A kama taya ta gefe biyu a girgiza: motsi a nan yana nuna tayarod ko rak. A kama ta sama da ƙasa: motsi a nan na boljoin ne ko borin taya, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. Idan aka taka birki motsin ya ɓace, borin ne. Ana gane tayarod na ciki ta hanyar matse robar rak da hannu yayin girgizawa. Idan an sami mai a cikin wannan roba, sil ɗin rak, wato robar da ke hana mai zuba, ya mutu.

Canza tayarod na waje

Ana fara sassauta notin da ke kulle shi a kan zare, a yi alama a wurin. Sai a zare fil, wato ɗan ƙarfen da ke hana noti kwancewa, a kwance notin kai, a fitar da kan daga mazauninsa na jikin ƙarfen da ke riƙe taya da na'urar zarewa. Wanda ba shi da ita yakan bugi gefen mazaunin da guduma. Bugun kan zaren yana lalata shi. Ana ƙirga juyin da tsohon ya yi kafin ya fita, a mayar da sabon da adadi ɗaya. A ɗaure noti gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Idan ramin fil bai daidaita ba, ƙara ɗaurewa ake yi kaɗan, ba a sassautawa, kuma sabon fil ake sawa.

Ƙirga juyi yana isa ne kawai a kai mota wurin alaimen, wato daidaita saitin tayoyi. Dole a yi alaimen bayan kowane irin wannan aiki, amma yin sa alhali gaɓoɓi na da rata asarar kuɗi ce, domin saitin ba zai zauna ba.

Rak da famfo

Kafin a raba rak da sandar sitiyari, ana ɗaure sitiyarin yana miƙe. Idan ya juya sakaka, igiyar lantarkin da ke naɗe a cikinsa, wadda ke kai wuta ga hon da jakar iska, tana iya tsinkewa. Kukan famfon da ke tura man sitiyari yakan fito daga ƙarancin mai, ko iska a cikinsa, ko sakin bel. Ana fitar da iska ta juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa tayoyi na sama. Ba kowane mai ke shiga kowace mota ba. Honda, alal misali, tana da nata.

Saɓani

Wasu na ganin a canza tayarod ko boljoin na gefe biyu tare, wasu na cewa wanda ya lalace kaɗai. Dabarar bugun tsohon boljoin don ya matse tana ɓoye ƙara na ɗan lokaci, amma ba ta mayar da ƙarfen da ya cinye, kuma idan dunƙulen ya fice mota na tafiya, taya kan kwanta nan take.