Yaran da ke gararamba a titi: me ƙungiyar unguwa za ta iya yi musu?

Wai duk yaron da aka gani a titi almajiri ne?

A'a fa. Almajiri yana da malami da allo da wurin kwana ko da zaure ne, yunwa ce ke fito da shi bara. Akwai kuma wanda ya gudu daga gida ko daga tsangaya, ko rikicin Boko Haram da 'yan bindiga ya raba shi da iyayensa, shi a tasha yake kwana ko rumfar kasuwa, da rana yana jari bola ko dako, kuma shi ya fi saurin faɗawa shaƙar sholisho. Na farko ta hannun malaminsa ake bi, na biyu sai an nemo danginsa tukuna.

Ba aikin gwamnati ba ne wannan?

Nata ne mana. Tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, a 2012, aka gina wasu birjik, da yawansu yanzu sun zama kango. A 2020 lokacin korona gwamnonin Arewa suka loda yara a motoci kowa jiharsu, korona na lafawa suka dawo. A 2023 kuma aka kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta ta ƙasa. To amma Abuja ba ta san wane kolo, wato ƙaramin almajiri, ne ya kwana da zazzaɓi a layinku ba, ku kuka sani.

To ta ina za a fara?

Ta wajen alaramma, da mai unguwa da liman a gaba, kar ku je da kyamara kuna masa kallon mai laifi, shi ma galibi kuɗin Laraba ne abin da yake samu. A rubuta sunan kowane yaro da garinsu da lambar mahaifinsa. Daga nan sai a farfaɗo da tsarin uwar ɗaki da muka gada, kowane gida ya ɗauki yaro ɗaya, kwanonsa na dare daban, a ba shi sabulu, in ya kwana biyu bai leƙo ba a aika a tambaya, ba wai a maida shi bawan wanke-wanke ba. Ni a ganina wannan ya fi rabon shinkafar azumi da ake ɗorawa a Facebook nesa ba kusa ba. Sai banɗaki da ruwa, don ƙazuwa da makero da ke cin jikinsu da kawunansu yawanci rashin wanka ne da cunkoso a ɗaki ɗaya.

Sana'a fa, ba za ta hana su karatu ba?

Ina! Akwai rata bayan karatun safe, ga hutun Alhamis da Juma'a. Titibiri da gardi, wato almajiran da suka ɗan tasa da manyansu, za su iya koyon ɗinki, wankin hula, faci, gyaran waya ko kanikanci, amma fa ƙungiya ta zauna da ogan a yi magana kan abincin rana, in ba haka ba ranar farko da yunwa ta kama yaro zai ɗauki robarsa ya koma titi.

Kuɗin daga ina?

Karo-karon wata, zakkar 'yan kasuwar unguwa, da waƙafi, Sakkwato ma hukuma guda gare ta ta zakka da waƙafi. Ma'aji dai ya riƙa karanto lissafi a bainar jama'a bayan sallar Isha'i, kowa ya ji abin da ya shigo da inda ya tafi.