"Me ka iya?": tambayar da masu ɗaukar aiki suke fara yi yanzu

Shin duk masu ɗaukar aiki abu ɗaya suke nema?

A'a. Ma'aikatar gwamnati har gobe takarda take fara dubawa: digiri ko HND, shaidar bautar ƙasa, takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Banki kuwa sai ya sa ka yi jarrabawa a kwamfuta tun kafin a ga fuskarka. Shi kuma ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ruwansa da kwalinka. Amana yake nema, sai kuma yaron da zai ɗauki hoton atamfa ya fito tas, ya tura wa mai saye a Maraɗi ta WhatsApp, ya tabbatar kuɗi sun shigo asusu kafin a ɗaure dila.

Me ya kawo wannan sauyi?

A da, saurayi kan shiga masaƙa a Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, ya ƙware a kan inji ɗaya, a kansa zai tsufa. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran ma suka bi sahu, wannan salon aiki ya tafi da su.

Yanzu buƙata kan juya cikin 'yan watanni. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sa shaguna neman wanda ya iya POS da tiransfa. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun shekarar, mutane da dama suka koma sola. Na ga mai gyaran janareto a unguwarmu, da furfurarsa, ya tsuguna kusa da yaron da ya haifa yana koyon haɗa batir da inbata, domin masu kiransa abin da suke tambaya ke nan.

Makarantu sun biyo sawu?

Da saura. Tun 1973 hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ta ɓullo da SIWES, shirin tura ɗalibai wuraren aiki, don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa, amma abin takaici, a wurare da yawa ɗan aiken sayo abinci ake mayar da ɗalibin, sai a sa masa hannu a littafi. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da burin horar da mutum miliyan 3 a fasahar zamani.

To, kwalin ya zama banza ke nan?

Ko kusa. Ba asibitin kirki da zai ɗauki likita ko nas babu takarda da lasisi. Sai dai akanta mai digiri da bai iya Excel ba, wato manhajar lissafi ta kwamfuta, mai difloma da ya iya zai iya shan gabansa a ranar intabiyu.